Kakan Aro Mai Ɗinkin Tanti

Ko da zan manta da komai na zaman da na yi a Makka, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na rasa kakana a gaban mutum tara da butar shayi ba. Ba mutuwa ya yi ba. Ƙwace shi aka yi daga hannuna, kuma wanda ya ƙwace ɗin yana da gaskiya, don dama ba nawa ba ne.

Sai na ɗan koma baya kafin a gane. Ni tun ina yaro Allah ya ɗora min ciwon tambaya. Idan na ga tururuwa ta ɗauko hatsi sai na bi ta na ga inda za ta kai shi. Da na tasa aka kai ni Jos koyon ɗinkin tamfol na manyan motoci, a rumfar wani dattijo mai suna Baba Dauda, kusa da tasha. Baba Dauda Kirista ne, wannan na sani, don ran Lahadi ba ya buɗe rumfa, ran Juma'a kuma shi ke tuna min in ajiye aiki in tafi masallaci. Mutum ne mai labari. Idan ya miƙe ƙafa a kan tamfol ya zura zare a basilla, to ranar kunnuwana sun huta da ƙarar motoci.

Labarin da ya fi so shi ne na wani mutum da yake kira "babanmu mai tanti". Wai shi ma sana'armu yake yi, da ita yake ci, amma ba ya zama wuri ɗaya. Gari-gari yake bi yana wa'azi, kuma da wuya ya bar gari ba a yi masa duka ko an kulle shi ba. Akwai garin da aka tsare ƙofofi ana jira ya fito a kashe shi, abokansa suka sa shi a kwando suka zurara shi ta bayan ganuwa da igiya. Akwai inda aka zane shi tare da abokin tafiyarsa, aka sa ƙafafunsu a turu, suna cikin kurkuku suna yabon Allah sai ƙasa ta girgiza, ƙofofi suka buɗe, amma suka ƙi gudu. Ga jirgin ruwan da ya farfashe da su, ga macijin da ya sare shi a hannu bai ko kumbura ba. Yana da wani aboki likita da ke bin sa, da wasu mata da miji da suka taɓa zama tare suna ɗinki, da wani babban aminin da suka yi sa-in-sa a kan ko a tafi da wani ɗan'uwa ko a bar shi, har kowa ya kama gabansa.

Ni kuwa na yi tambaya har Baba Dauda ya gaji. Kwandon na kaba ne ko na gora? Mutum nawa suka riƙe igiyar? Macijin kububuwa ne ko gamsheƙa? Da jirgin ya fashe, ina basillarsa? Tambaya biyu ce kawai ban taɓa yi ba: wane ne mutumin, kuma a wane zamani ya rayu. (Wataƙila ma ya faɗa. Amma ni da zarar na ji labari ya karkata wajen wa'azi, sai in tuna zare ya ƙare in tafi kasuwa.) A raina na ɗauka wani dattijon ƙasarsu ne da ya yi zamani kafin zuwan Turawa. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina me ya kai mutumin duwatsun Jos tsakiyar teku ba.

'Yan shekaru bayan an samu mulkin kai na kamo hanyar Makka, wani wurin a mota wani wurin a ƙasa, na tsaya tsinkar auduga a Sudan har na samu na haye ruwa. Da na sauke farali sai na ƙi komawa, kamar yadda mutanenmu da yawa suka yi. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, ba ni da kowa. Basillar Baba Dauda ce ta cece ni, don ita ta samo min aiki a hoshin Ammi Sale da ke unguwar Zahir. Hoshi wani babban fili ne mai katanga, cike da tantunan da ake kafawa a Arfa da Mina, mu kuma aikinmu mu dage watanni kafin Hajji muna gyaran abin da iska da alhazai suka yayyaga. Ammi Sale haifaffen Makka ne, kakansa ne ya zo daga Katsina. Idan ya fara magana da Hausa sai ta gudu ta bar shi a tsakiyar hanya ya ƙarasa da Larabci. A hoshinsa nake kwana, kuma inuwarsa ce ta rufe ni daga masu tambayar takardu.

To a can akwai wani abu da ban zo da shirinsa ba. A gida kowa ya san gidanku, ya san gonarku. A Makka ba wanda ya ga ko dangar gidan wani, don haka asalin mutum a bakinsa yake. Kullum bayan la'asar idan aka zauna shan shayi, sai a fara fito da kakanni. Wannan kakansa ya yi shekara da shekaru a hanya yana karantarwa. Wancan kakansa zaki ya raka shi a daji. Ni kuma kakana na gaskiya sunansa Tanko, gyartai ne, ɗinkin fasassun ƙorai shi ne sana'arsa, kuma iyakar tafiyarsa a duniya ita ce kasuwar Wudil. A gindin tsamiyar da ya fara ɗinki, a nan tsufa ya same shi. Ta yaya zan fito da wannan a gaban masu zaki? Sai in yi ta hura shayi.

Rannan Bawa, wani Basakkwace da muke ɗinki kafaɗa da kafaɗa, ya dube ni ya ce, "Kai Bakano, kai ba ka da kaka na? Ko daga bisa kaf faɗo?"

Aka yi dariya. Na buɗe baki da niyyar in ce Tanko, wallahi niyyata ke nan, sai na ji kwando ya fito. Na ce kakana ma mai ɗinkin tanti ne, malami ne matafiyi, kuma a hanyarsa ta zuwa gabas akwai garin da sai a kwando aka zurara shi ta bayan ganuwa. Kowa ya juyo gare ni. Ammi Sale da kansa ya ajiye finjalinsa ya ce, "Ajib! Ba'aden, me ya faru?"

Wannan "me ya faru" ita ta kashe ni. Washegari na kulle kakana a kurkuku na girgiza ƙasa. Mako bai zagayo ba na fasa masa jirgi a Bahar Maliya, na kai shi wani tsibiri, na sa maciji ya sare shi. Abokan tafiyarsa duk na raɗa musu suna: wanda aka sa su a turu tare ya zama Malam Sule, likitan ya zama Alhaji Wanzam. Kafin Hajjin shekarar sunana ya ɓace, kowa Jikan Waliyyi yake ce min. A Arfa, muna cikin kafa tantuna, kunama ta harbi Bawa a yatsa, ya rugo wurina ya ce in tofa masa tunda dafi ba ya kama gidanmu. Na tofa. (Ina tofawa ina addu'ar Allah ya sa ƙaramar kunama ce.)

Sai ga Hadiza. Ƙanwar Ammi Sale ce, mijinta ya rasu ta dawo gidan yayanta, kuma ita ke ɗinka ƙyallen ado da ake liƙawa a cikin tantunan manyan baƙi. Tagar ɗakin da take aiki tana kallon hoshi, da labule a kai, don haka duk ƙaryar da na shimfiɗa a kunnenta take sauka. A nan na fara haɗuwa da wanda ya fi ni ciwon tambaya. Ina cikin labari sai a ji murya daga bayan labule: "Ya Malam, da ƙofofin suka buɗe, lesh bai gudu ba?" Ko kuma, "Shi Malam Sulen, ina suka rabu?" Wasu amsoshin ina da su daga Baba Dauda, wasu kuma a take nake ɗinka su. Ranar da ta fi matse ni ita ce ranar da ta ce, "To kakarka fa? Duk wannan yawon, ita tana ina?" Na yi tari na ce tana gida, mace ce mai haƙuri ƙwarai. Ta ce, "Lalle kam."

Ban san lokacin da na fara jiran muryar nan fiye da yadda nake jiran shayin ba. Da abin ya ishe ni na tura Bawa wurin Ammi Sale. Ya kira ni ya ce, "Tayyib. An tambaye ta, ba ta ƙi ba. Aikinka kuwayyis ne. Lakin mu a nan ba ma ba da aure sai dattijo daga ƙasar mutum ya zauna ya ji asalinsa, ya ce ya yarda." Tunda ba ni da dangi, shi zai kira Malam Isiyaku, wani tsoho mutumin ƙasar Kano da ke wanke wa alhazai ciwo yana ɗaure musu. Na ce ai ba komai. Har murna nake, don a ganina wanda ya riƙe hoshi guda da labari ba zai kasa tsoho ɗaya ba.

Ranar na sa farar jallabiyar da na aro, aka shimfiɗa darduma a inuwar katanga bayan la'asar. Ga Ammi Sale, ga maƙwabta biyu, ga abokan aiki, ga labule yana ɗan motsi. Malam Isiyaku ɗan siririn tsoho ne mai tabarau, ba ya gaggawar magana. Ya tambayi sunan mahaifina da garinmu, na faɗa. Ya ce, "Kakanka fa, ɗana? Na ji an ce babban mutum ne."

Na gyara zama na fara. Ban taɓa ba da labarin ya yi daɗi kamar ranar ba. Da na zo kan kwando sai na ga tsohon ya ɗago kai. Da na zo kurkuku ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Dakata. Da ƙofofin suka buɗe, mai tsaron kurkukun bai zare takobi zai kashe kansa ba, don ya zaci fursunoni sun gudu?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa, Allah gafarta Malam! Kakana ne ya daka masa tsawa ya hana shi."

"Uhm. Macijin nan kuma, ba daga cikin itacen da ya ɗebo zai sa a wuta ya fito ba?"

"Daga nan ne!"

"Kuma daga baya ya ce shi ba za a yi masa shari'a a nan ba, sai dai a kai shi gaban babban sarki?"

Jama'a, maimakon in tsorata, daɗi ne ya kama ni. Na manta sarai cewa ƙarya nake yi. Na juya na dubi Ammi Sale, na dubi labule, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Kun gani ko? Baba Malam ya san kakana!"

Malam Isiyaku ya mai da tabaransa. Ya ce, "Na san shi, ɗana. Shekara goma sha ɗaya na yi ina ɗaurin ciwo a asibitin kutare na mishan, kowace safiya kafin a ba da magani sai an karanta labarinsu, ina gefe ina naɗe bandeji. Sunansa Bulus. Babban manzo ne a wurin Kirista, kuma ya bar duniya shekara wajen dubu da ɗari tara." Ya kurɓi shayi, ya ƙara da cewa, "Yadda na ji kuma, ko aure bai yi ba. Shi ya sa nake son in ji ta inda ka fito."

Na ji wata akuya tana kuka a can bayan katanga, na yi fatan ni ce. Wanda ya fara magana Bawa ne. Ya ɗaga yatsansa ya dube shi ya ce, "Ashe miyau na banza kat tofa min!"

Ba wanda ya yi dariya, don fuskar Ammi Sale ta canza. Ya ce, "Esh hada? Nasara? A hoshina?" Nan take kunya ta koma tsoro. Kowa ya san garin nan wanda ba Musulmi ba ba ya shigarsa, ni kuma ga ni ba takarda, na shekara ina shelar cewa ni jikan manzon Kirista ne. Idan maganar ta fita ƙofar hoshi a karkace, ba aure kaɗai zan rasa ba, kuma ba ni kaɗai zan shiga uku ba, har da mutumin da ya ba ni wurin kwana. Na miƙe tsaye, jallabiyar aro ta jiƙe sharkaf da gumi, na yi kalmar shahada da ƙarfi. Na karanta Fatiha. Ba wanda ya tambaye ni, na kama ƙananan surori ina jerowa, na faɗi sunan malamin da ya yi min allo, na faɗi farillan alwala. Sai da na kai ga abubuwan da ke karya azumi Malam Isiyaku ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Zauna. Sale, kwantar da hankalinka. Wannan ba Kirista ba ne. Da Kirista ne ai da ya san sunan mutumin. Maƙaryaci ne kawai."

Tunda uwata ta haife ni ba a taɓa kira na maƙaryaci na ji sanyi a raina ba sai ranar. Har na ce, "Na gode, Baba Malam."

Ya ce in faɗi gaskiya, na faɗa, kaina a ƙasa. Na ba su labarin Baba Dauda da rumfar tasha, na fito da Tanko gyartai da tsamiyarsa da kasuwar Wudil. Ina faɗa ina jin nauyi iri biyu: na ɓoye kakan da ya goye ni a kafaɗa, kuma na sace wa mutane babban mutuminsu na sa masa rawani ba da izininsu ba. Na gama na zauna ina jiran a ce in tattara basillata.

Sai labule ya motsa. Hadiza ta ce, "Baba Malam, afuwan. To ya isa gaban sarkin, ko bai isa ba?"

Ammi Sale ya ce, "Ya Hadiza, yanzu lokacin wannan ne?"

Ta ce, "Shekara guda ina bin labarin nan, kullum a tsibiri yake tsayawa. Ni dai a gaya min."

Gaskiyarta ce, don ni ma a tsibirin ilimina ya ƙare. Malam Isiyaku ya yi murmushi ya miƙa finjali aka ƙara masa. Ya ce iyakar abin da ya ji, an sa shi a wani jirgin an kai shi babban birnin Rum, ya yi shekara biyu a tsare a wani gida da soja yana gadinsa, mutane suna zuwa yana yi musu magana, yana aika wasiƙu ga garuruwan da ya bi. Ya ce wasu abokan sun watse sun bar shi, amma likitan ya tsaya. Kirista suna cewa a ƙarshe kashe shi aka yi a birnin. Ya ce abin da shi bai manta ba, wai yana tsare ya aika wa wani almajirinsa cewa idan zai zo ya taho masa da mayafin da ya bari a wani gari, da littattafansa, kuma ya yi ƙoƙari ya iso kafin sanyi. Har maƙwabtan da suka fara neman takalmansu suka koma suka zauna.

Ni da ya kamata in yi shiru har ƙarshen rayuwata, sai na ji bakina ya ce, "Baba Malam, an kai masa mayafin kuwa?"

Tsohon ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ban sani ba, ɗana. Kai da kake jikansa ba a gaya maka ba?"

A nan hoshi ya fashe. Bawa har da kwanciya a kan tanti. Ammi Sale ya yi ta ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara, ya ce, "Halas, halas." Amma bai ba ni aure ranar ba. Ya ce tunda bakina ba abin yarda ba ne, sai an samu wanda ya san Tanko da idonsa. Na yi wata huɗu ina amsa sunan Jikan Kwando. Da alhazai suka fara sauka, Malam Isiyaku ya riƙa bin masaukin mutanen ƙasarmu yana tambaya, har ya samo wata tsohuwa daga wani ƙauye kusa da namu. Aka kawo ta hoshi, ta ce ta san Tanko gyartai sarai, shi ya ɗinke ƙwaryar da uwarta ke tatsar nono, kuma har uwar ta rasu ƙwaryar ba ta ɗiga ba. Shaidar ke nan gaba ɗaya. Ammi Sale ya ce ta wadatar, don shi ma abin da yake nema a wurin maɗinki ke nan.

Bayan an ɗaura aure da kwana biyu na tattaro ƙarfin hali na tambayi Hadiza ko ba ta ji haushi ba, an yi mata alkawarin jikan waliyyi an kawo mata jikan gyartai. Ta ce, "Wallahi hankalina ma kwanciya ya yi. Mutumin da kowane gari ya shiga sai an kulle shi, ga shi ba ya zama a gida, ni tsorona kada abin ya zama gado."

Har yau ban daina tambaya ba, sai dai na gyara jerin. Yanzu idan aka ba ni labari, kafin in tambayi ko kwandon na kaba ne, sai na fara jin wane ne a ciki. Jikokina kuma duk sun san Tanko da tsamiyarsa, na tabbatar da haka. Wanda kuma ya ga lalle sai ya ari kaka, shawarata gare shi ɗaya ce: ya bincika tukuna ko mutumin ya taɓa aure.